Kafin damina ta sauka, a duba murfin salga

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka sammini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu gidaje, da magina, da abokan sana'ata masu walda. Da ɗaurin rodi na fara neman abinci ina saurayi a Legas. Na yi shekara 14 tsakanin Apapa da Ijora, a can na koyi walda, sannan na dawo gida Kano na kama shago. Ban yi boko mai nisa ba, wannan takarda ma ina faɗa ne ɗana yana rubutawa. Amma fiye da shekara 40 ke nan ƙarfe yana hannuna, kuma abin da na gani a daminar bara ya hana ni yin shiru.

Wata asuba cikin watan Agusta, ana ta yayyafi tun dare, sai muka ji ihu daga gidan da ke bayan namu. Wata dattijuwa ce da duk unguwa muke kira Inna. Ta ɗauki buta ta shiga bayan gida kafin salla, murfin salga ya rufta da ita. Da igiyar guga da tsani muka ciro ta, mu wajen shida, yara suna haska mana da fitilar waya. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, amma ƙugunta ya karye, kuma har yau da nake wannan magana ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Matar da ke zuwa kasuwar Rimi a ƙasa ta dawo a ƙasa, yanzu sai an tayar an kwantar.

Da gari ya waye masu jaje suka cika ƙofar gida. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce ai gini ne ya tsufa. Ƙaddara kam babu Musulmin da zai musa ta. Amma batun tsufa ban yarda ba, domin a gabana aka haƙa ramin nan aka zuba murfinsa, shekara 11 ke nan kacal. Na zagaya na ɗauko wani ɓallin kankare da ya rage a bakin ramin, na juya cikinsa. Rodin da aka sa mai kaurin milimita 12 ne, na san shi, amma abin da na tarar a wasu wuraren bai fi tsinken tsintsiya ba, a wasu kuma ya katse ƙaf, sai jan gurbinsa a jikin siminti. Shi kansa kankaren ta ƙasa, in ka murza da yatsa sai ya zube kamar jiƙaƙƙen garin kwaki. Ta sama kuwa sumul, har da tayil mai kyau da aka manna shekara biyu da suka wuce. Ɓallin yana nan kan bencin shagona. Duk wanda ya zo ba ni aiki sai na miƙa masa ya riƙe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda rodin yake kwance. A can ƙasan kankaren yake, tsirara, ba abin da ya rufe shi. Na san yadda hakan ke faruwa, domin ni ma na yi irinsa da hannuna kafin in san illarsa, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini. Kafinta ya buga katako, mai ɗauri ya shimfiɗa rodi a kan katakon kai tsaye, leburori su bi ta kai da kwanon kankare suna tattakawa, a zuba, a shafe sama, a tashi. Ran da aka cire katako, in ka ɗaga kai za ka ga layin rodi yana leƙowa kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Sai a kira mai filasta ya lulluɓe, magana ta wuce.

Wanda ya fara wayar min da kai wani injiniya ne Bayarabe, dattijo, a wani gini kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Mun kwana biyu muna ɗaurin dekin, motar kankare tana kan hanya, sai ya hau ya duƙa ya zura yatsa a ƙarƙashin rodi. Yatsan bai shiga ba. Nan take ya ce kowa ya tsaya. Ya sa aka kawo biskit, wato 'yan gutsattsarin kankaren nan da ake yi musamman da wayar ɗauri a jikinsu, muka bi rodin kaf muna ɗagawa muna sawa a ƙasa. Ranar mun sha haushi, don sai bayan isha muka tashi. Da ya ga fuskokinmu sai ya zaunar da mu kan bulo ya ce siminti ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, shi ne rigar rodi. A cikin ɗaki a ba rodi rigar da ta kai inci guda ta kowane gefe, a cikin ƙasa ko inda ruwa yake a ba shi inci biyu. Wanda ya hana shi riga, in ji shi, ya gina wa jikokinsa tarko.

Daga baya, da ɗana ya karanta fannin gine-gine, ya ƙara warware min abin da dattijon nan yake nufi, kuma ya zo daidai da abin da idona ya daɗe yana gani. Ƙarfe daga ƙasa aka tono shi, jan dutse ne, wuta ce ta raba shi da iskar da ke haɗe da shi, kamar yadda maƙeranmu na da suke fitar da shi daga tama. Tun ranar da ya fito daga wuta hanyar komawa yake nema. Abu biyu kawai yake bukata, danshi da iska. In babu ɗaya ba ya tsatsa. Shi ya sa addar da ke rataye a ɗaki duk rani ba ta yin komai, amma manta da ita a gona kwana biyu cikin raɓa ka ga yadda za ta yi ja. Gishiri kuwa shi ne mai zuga, in ya shigo sai aikin ya yi sauri ninkin ba ninkin.

Siminti yana da kaifi irin na ruwan toka ko kanwa, har ya fi su, shi ya sa yake cin hannun lebura. Wannan kaifin ne ke sa wata 'yar siririyar fata da ido ba ya gani ta lulluɓe rodi, tsatsa ta rasa inda za ta kama. Muddin kankaren yana da kauri kuma a matse yake, rodin zai daɗe fes kamar ranar da aka sa shi. Amma irin iskar da muke fitarwa da numfashi, wadda injuna ma ke fitarwa, tana ratsa kankare a hankali daga waje tana kashe kaifin nan, gishiri ma haka yake ratsawa. In rigar siririya ce, ko an cika ruwa a kwaɓin don ya yi sauƙin zubawa, ko an yi rowar siminti, sai su cim ma rodin da wuri.

Daga nan ne ɓarna take farawa gadan-gadan. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura ninki biyu, wani lokaci har ninki shida. Ga ta a cikin kankare ba wurin zuwa, sai ta riƙa turawa. Shi kuma kankare yana jure danni, amma ba ya jure a buɗa shi daga ciki, sai ya tsage a miƙe bisa layin rodin. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan ruwa ne ƙadangaren. Tsaga ta ba ruwa hanya, ruwa ya ƙara tsatsa, tsatsa ta ƙara buɗa tsaga, har ɓalli ya faɗo. Duk wanda ya ɗaga kai a ƙarƙashin baranda ko matakalar bene ya ga doguwar tsaga tana zubar da jan hawaye, ya sani ba fenti ne ya lalace ba.

A salga abin ya fi ko'ina muni, kuma a nan nake so masu karatu su saurara da kyau. Ramin a rufe yake, da ɗumi da tururi dare da rana, rani da damina. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ƙazanta wata iska ce, kuma a ƙarƙashin murfi take taruwa. Tana haɗuwa da gumin da ke jikin kankaren, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su mai da ita asid, irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Asid ɗin ya riƙa cin siminti yana mai da shi laushi har ya kai ga rodi. Ta sama kuma ga ruwan wanka, ga fitsari, ga ruwan wankin tayil mai kaifi, duk suna bi ta bakin ramin suna gangarawa. Murfin yana cinyewa ta fuskar da ba mai gani, mutanen gida kuma suna hawa kansa safe da yamma, har da yara da masu juna biyu da tsofaffi. Bututun shan iska, wanda ake ɗagawa ya wuce rufin ɗaki domin warin ya fice sama, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A gidan Inna babu shi.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talakan Kano ne kaɗai. Ranar 14 ga Agusta 2018 gadar Morandi da ke birnin Jenowa a Italiya ta karye ana tsakar ruwan sama, motoci suka zube ƙasa, mutum 43 suka rasu. A 1967 aka buɗe ta, kuma wanda ya zana ta ya lulluɓe igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita da kankare ne domin ya kare su. Amma an bar wuraren da siminti bai cika ba, danshi ya samu hanya, ga birnin a bakin teku, wayoyin suka yi ta cinyewa a ɓoye shekara da shekaru. Masu binciken da kotu ta naɗa sun tarar tsatsa ta ci wayoyin sosai a daidai inda igiyar ta tsinke. Ran da na juya ɓallin salgar Inna gadar nan ce ta faɗo min a rai. Ciwon ɗaya ne, girman wurin ne ya bambanta.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu ba da aiki, wai tsatsa ta mutanen Kudu ce, mu nan rana ta ishe mu. Gaskiya Legas daban ce. A Apapa na ga sabuwar ƙofar ƙarfe da aka kafa ba fenti ta yi ja kafin mako ya zagayo, domin iskar teku da gishirinta take tafe. Dillalan mota ma sun san haka. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, mai wayo sai ya kwanta ƙarƙashinta da fitila kafin ya biya kuɗi a Kwatano. A Kano kuwa ƙarfe zai yi wata bakwai a waje bai canza kama ba. To wannan ne ya sa muka saki jiki. Tsatsar Legas a fili take, kowa yana ganinta yana yaƙarta da fenti. Tamu ɓarauniyar cikin gida ce, tana zaune ne a duk inda ruwa ke kwana: gindin ƙofa, bayan gida, ƙarƙashin tanki, bakin kwata, lungun da ake tsugunawa fitsari. Ka shiga masallacin unguwarku ka duba ƙofar da ke kusa da wurin alwala. Sama lafiya lau, ƙasa kuwa taƙi guda ta zama rariya.

Kuma muna da namu gishirin. Rijiyoyi da yawa a cikin birni ruwan zartsi ne, ba ya shawuwa, ba ya kumfa da sabulu. Mutum ba zai sha ba, amma da shi zai kwaɓa kankaren gidansa don ya huta da kuɗin 'yan garuwa. Ya zuba wa rodinsa gishiri da hannunsa ke nan tun ranar farko. Dattijon nan na Apapa cewa yake, ruwan da ba za ka iya sha ba kada ka ba siminti. Yashi ma haka, wanda aka kwaso daga inda ƙasa ke fitar da farin gishiri, ko wanda ya cika laka, ba na zuba dekin ba ne.

Bari in zo kan namu laifin, mu masu walda, wato ƙafar tanki. Yanzu kusan duk gidan da ya haƙa burtsatse sai ya ɗora tanki a sama. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan, mai lita 5,000 tan biyar, nauyin da ya fi na ƙananan motoci uku, a rataye bisa tsakar gidan da yara ke wasa. Mai gida ya zo yana neman araha, mai walda kuma yana tsoron aiki ya kuɓuce masa, sai ya je Ƙofar Ruwa ya zaɓo bututu mara kauri, ya harhaɗa, ya shafa baƙin fenti kai tsaye kan ƙura da maiƙo, ya kafa a ƙasa ya ɗan zuba kankare a gindi. Bakin bututun ta sama a buɗe. Damina ta zo, ruwa ya shiga ya taru a ƙasa ba mafita. Tanki kuma kullum sai ya cika ya yi ambaliya don ba wanda ya tuna ya kashe inji. Ƙafar tana cinyewa ta ciki da ta waje a daidai inda ta haɗu da ƙasa, wurin da duk nauyin yake sauka. Na taɓa zuwa gyaran ƙofa a wani gida, idona ya kai kan ƙafar tankinsu, na sa sukudireba na danna gindin. Sai ta shige kamar a cikin nunanniyar gwanda, jan ruwa ya biyo bayanta. Tankin a cike yake a samanmu, a inuwarsa kuma matar gidan ta shimfiɗa tabarma tana tsintar shinkafa, jaririnta a kwance gefe. Ban bar gidan ba sai da aka juye ruwan.

Maganin kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. A toshe bakin bututu da faranti a walde shi ruf, ko a huda masa 'yar ƙofa ta ƙasa don ruwa ya fita. A ɗora gindin kan dakalin kankare da ya fi ƙasa tudu, mai gangare, yadda ruwa ba zai kwanta ba. Kafin fenti a kankare tsatsa da burushin ƙarfe da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, a shafa jan fentin nan na kariya, ya bushe, sannan a bi da fenti shafi biyu. Fenti a kan tsatsa ɗaura sabon zane ne a kan gyambo. Kuma abokan sana'a su tuna, inda aka yi walda nan tsatsa ke fara kamawa, musamman a bututu mai ruwan tutiya, wato farin ƙarfen nan da ake lulluɓe baƙin ƙarfe da shi don kariya, domin wuta tana ƙone tutiyar. Farin hayaƙin nan da ke sa mu zazzaɓi da dare ita ce take tashi. In ba a buge dattin walda an goge an shafe wurin ba, an bar ƙofa a buɗe.

Ita tutiyar da ake yi wa kwanon rufi dabara ce mai kyau, domin ita take ba da kanta a ci don ƙarfen ya tsira, ko da an ɗan karce shi. Amma tana ƙarewa, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon kwanan kwanon. Wanda mahaifina ya rufa zaurensa da shi tun zamanin Gawon har yanzu ba ya yoyo. Mai arahar da ake sayarwa yau kuwa za ka naɗe shi da hannu kamar tabarma. Ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, ganyen darbejiya da na mangwaro su taru a kwarin rufi, ruwan farko ya jiƙa su su riƙe danshi har kaka. Yaro guda da tsintsiya ya isa ya ƙara wa rufi shekaru, in an sa shi ya share kafin damina.

Wani abin da ko magina da yawa ba su lura da shi ba, ƙarfe iri biyu in suka haɗu a cikin danshi ɗaya yana cin ɗaya, domin ɗan ƙaramin batir suke zama. Masu gyaran wuta sun fi kowa ganin wannan. Wayar alminiyam ta sauko daga turken wuta, a murɗe ta da ta jan ƙarfe a naɗe da salatif. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka tarar da farin gari a wurin, haɗin ya saki, yana zafi yana tartsatsi a ƙarƙashin silin. Kwanon alminiyam da aka kafe da ƙusar baƙin ƙarfe ma haka, ramin ƙusar ya yi ta faɗaɗa har iska ta ɗaga shi. Ko Amurka ba ta tsira ba. Babban mutum-mutumin nan da ke bakin teku a New York fatarsa jan ƙarfe ce, ƙashinsa baƙin ƙarfe. Abin da aka sa tsakaninsu don kada su taɓa juna ya lalace, ƙashin ya yi ta tsatsa yana kumbura, har sai da aka cire sanduna kusan 1,800 tsakanin 1984 da 1986 aka maye gurbinsu da ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma abin mamaki, kaifin simintin da ke kare baƙin ƙarfe shi ne ke cin alminiyam. Iyayenmu mata sun riga mu sani, don sun ga yadda tukunyar da ake yawan dafa wake da kanwa a ciki take yin baƙi tana fitar da ƙananan ramuka.

Wasu za su ce to a koma roba. Roba ba ta tsatsa, amma rana ce tsatsarta. Farin bututun da aka bari a bango yana shan ranar Kano, bayan 'yan shekaru sai ya yi gautsi, ka ɗan buge shi ya fashe kamar kasko. A binne shi, ko a yi masa fenti. Tukunyar gas kuma kada a bar ta kan jiƙaƙƙen simintin kicin, don ta gindi take ruɓewa. A kwantar da ita lokaci-lokaci in ba gas a ciki a duba ƙasanta, a kuma duba shekarar da aka buga a wuyanta, domin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ta ƙayyade mata shekara 15 ne.

Kakanninmu da suka yi gini da ƙasa ba su taɓa ɗaukar gini abin da ake gamawa a juya baya ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba indararo, an toshe tsaga, an yi yaɓe, masu hali su sa makuba. Azara kuma ta giginya suke nema don gara ba ta cinta da sauƙi. Da irin wannan kulawa ce soraye irin na Gidan Makama suka kawo zamaninmu. Da siminti da rodi suka zo sai muka ɗauka mun huta da yaɓe har abada. Su waɗanda suka kawo mana ƙarfen ba su huta ba. Hasumiyar Eiffel da ke Faris tun 1889 take tsaye, kuma kusan duk shekara bakwai sai an bi ta da fenti wajen tan 60, mutane a rataye da igiya da burushi a hannu. Yaɓe ne irin nasu.

Don haka, Malam Edita, ina da roƙo. Hukumomin da ke ba da izinin gini su riƙa zuwa kafin a zuba kankare, ba bayan an yi fenti ba, domin yatsa guda a ƙarƙashin rodi ya fi takarda goma. 'Yan duba-gari kuma, tunda dama suna shiga gidaje, a koya musu duba murfin salga, kuma su fara da inda jama'a suka fi yawa: makarantun firamare da na Islamiyya da na allo, da masallatai, da tashoshin mota, da kasuwanni. Ina tuna yaran makarantar allo da ke layi kan murfi guda da sassafe, sai gabana ya faɗi. Masu gidajen haya su ji tsoron Allah, ran mutanen da ke biyan ku amana ce a wuyanku. Malamanmu kuma in sun taɓo wannan a huɗuba sau ɗaya kafin damina, zai shiga kunnen da wasiƙata ba za ta kai ba.

Mai gida kuma ba sai ya jira hukuma ba. Ya tsaya daga gefe kan ƙasa mai ƙarfi, ba kan murfin ba, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Kankare mai lafiya ƙara yake da kaifi, wanda ya rabu da rodinsa kuwa sai ka ji kamar kana dukan ƙwarya a kife. Ya ɗaure wayarsa tam a jikin sanda, ya kunna fitila da bidiyo, ya zura ta ramin ta kalli sama. In ya ga rodi a fili, ko jan tabo, ko ɓalli ya zube, a rufe bayan gidan nan a ranar, a roƙi maƙwabta arziki har a zuba sabo. Amma ina gargaɗi da babbar murya, kada kowa ya zura kai ko ya shiga ramin, kada kuma a kunna ashana ko a leƙa da fitilar kwai. Iskar da ke ciki tana kashe mutum cikin ɗan lokaci, kuma tana kama wuta.

A gidan Inna mun zuba sabon murfi bayan damina. Ni na yi ɗaurin, na sa biskit mai inci biyu, muka sayi ruwan famfo muka kwaɓa, muka ɗaga bututun iska sama da rufi, jikokinta suka yi kwana goma suna ba shi ruwa safe da yamma kafin kowa ya taka. Daga nan ni da ɗana muka bi gidajen layinmu tara da sanda da waya. A huɗu mun ga rodi tsirara. Biyu sun gyara. Sauran biyun na haya ne, ɗaya mai gidan ya ce sai bayan salla, ɗayan kuma har yanzu bai ɗauki wayata ba, ga shi gidan akwai yara bakwai. Duk ran da na leƙa gaida Inna, kafin ta amsa min ya jiki sai ta ce, Malam, an gyara na gidan yaran nan kuwa?

Wassalam.

Naka,
Wani mai walda,
Kano.